BABI NA UKU: GWAMNATI DA TSARA BIRNIN KANO, 1903 ZUWA 2023

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin matakan da gwamnatoci daban-daban suka ɗauka domin tsara birnin Kano da kewayensa, tun daga shigowar Turawan mulkin mallaka a shekarar 1903 har zuwa rushe-rushen da aka yi a shekarar 2023. Abin da ake nufi da tsara gari a nan shi ne hukuma ta fitar da inda za a gina gidaje, da inda za a bar wa hanya da kasuwa da makaranta da maƙabarta, da kuma inda ruwan sama zai bi ya fice daga gari ba tare da ya kwana a ɗakin kowa ba. Za a ga cewa a tsawon waɗannan shekaru 120 ba a taɓa rasa doka ko hukuma ko taswira ba. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai riga talaka isa filin da zai zauna. Kusan kullum jama'a ne ke fara isa, su yi gini, su hayayyafa, sannan hukuma ta biyo baya da jan fenti.

3.1 Garin da Turawa Suka Tarar

Ya kamata a fara kawar da wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane da yawa, wato cewa wai Kano ba ta san tsari ba sai da Bature ya zo da safiyo. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, waɗanda suka gaje shi suka ci gaba da aikin. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka ƙara mata faɗi, aka gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa, aka kuma kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Duk wanda ya lura da yadda manyan hanyoyin birni suka taso daga ƙofofi suka nufi kasuwa da fada, zai gane cewa ba kara-zube aka yi abin ba.

Haka kuma ba gidaje kaɗai ganuwar ta kewaye ba. Lokacin da Clapperton ya shigo Kano a 1824 ya lura cewa abin da gidaje suka cinye bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Amfanin haka a fili yake. Idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya akwai wurin noma da kiwo, idan kuma jama'a ta ƙaru akwai inda za ta zauna. Su kansu unguwannin an zaune su ne bisa sana'a ko asali, kamar yadda sunayensu ke shaidawa har gobe: Soron Ɗinki, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa, wanda Larabawan Arewacin Afirka ne suka ba shi suna domin su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Abin lura a nan, wanda za a koma kansa a gaba, shi ne duk waɗannan baƙi a cikin ganuwa aka sauke su, kasuwa ɗaya suke ci da 'yan gari, alƙali ɗaya ke yi musu shari'a.

Wani ginshiƙi na wannan tsari shi ne kududdufi. A inda aka haƙi ƙasar gini nan rami ke zama, rami kuma ya zama matattarar ruwan unguwa da damina, abin da ya yi rara ya gangara Jakara. Ba za a ce tsarin ba shi da aibu ba, domin Barth da ya zo a 1851 ya koka ƙwarai da ƙazantar waɗannan ruwaye da cutar da suke jawowa. Amma dai ruwa yana da wurin zuwa, kuma kowa ya san wurin.

3.2 Bariki da Sabon Gari da Birni

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, suka naɗa Sarki Abbas, amma ba su zauna a cikin birni ba. Gabas da ganuwa suka koma, wajen Nassarawa da Bompai, suka kafa ofisoshi da barikin soja da gidajensu. Da ma abin bai wuce wannan ba sai da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. A kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe fiye da yadda su Turawan suka zata, kamfanoni suka nemi fegi a kusa da tasha, Kwarori 'yan Siriya da Labanan suka biyo baya, sannan ga akawuna da kafintoci da ma'aikatan reluwe daga Kudu da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Dole a nema wa waɗannan mutane masauki, kuma Turawa ba su so su shiga birni, saboda yawancinsu Kiristoci ne da ba a son a sa su ƙarƙashin kotun alƙali, kuma ana gudun su cusa wa talakawan Sarki ra'ayoyin da suka zo da su daga Ikko. Wannan ne ya haifar da Sabon Gari a 1913.

Ikon yin haka kuwa Turawa sun riga sun ba kansu tun 1910, lokacin da suka kafa dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna. A 1917 kuma Gwamna Lugga ya fitar da Dokar Garuruwa, wadda ta kasa garuruwan Nijeriya aji uku. Ikko kaɗai ce ta sami aji na ɗaya, Kano tana aji na biyu. Babban abin da aka fi tunawa da tsarin Lugga shi ne sharaɗin cewa a bar fili fetal mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata, ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. Hujjar da aka bayar ita ce kiwon lafiya. An gano a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka kuma suka ce idan aka nisanta Bature da jikin baƙar fata, sauron da ya ɗauko cutar ba zai kai gare shi ba. Sai dai abin mamaki, kuku da boyi da mai gadi a bayan gidan Baturen suke kwana, kamar dai sauro ya san bambancin bara da wanda ba bara ba. A ra'ayin mai wannan nazari, hujjar lafiya gaskiya ce amma ba ita kaɗai ba ce, akwai son ware kai da nuna fifiko.

Ta haka Kano ta zama gari uku a wuri ɗaya. Akwai Bariki mai manyan filaye da itatuwa da tituna masu faɗi, inda gida guda ke cin filin da zai ishi gidaje goma a wani wuri. Akwai Sabon Gari da aka auna da safiyo, aka ja mata layuka a miƙe suna ratsa juna, aka yanka fulotai daidai wa daida, aka raɗa wa titunanta sunayen garuruwan Kudu irin su Abekuta da Aba da Inugu da Warri. Waɗannan biyu suna hannun majistare Bature. Sannan akwai Birni a hannun Sarki da En'e. A tsakaninsu kuma ga Fagge, tsohon zangon fatake, ga Tudun Wada da Gwagwarwa inda 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba suka tare, leburori da tsofaffin sojoji da masu neman kuɗin haraji. Duk wannan yanki na bayan ganuwa shi aka haɗa aka kira Waje.

Idan aka dubi taswira kawai, za a ce Sabon Gari ta fi ko'ina tsari bayan Bariki. Amma an ja mata iyaka ne gwargwadon mutanen da ake da su a lokacin, kuma ba a riƙa ƙara mata fili daidai da ƙaruwar jama'a ba. Saboda haka mai fuloti sai ya cika shi da ɗakunan haya ta kowane gefe, a bar siririyar hanya a tsakiya, iyalai da yawa su haɗu a kan makewayi ɗaya. Duba-gari kuwa aikinsu leƙa randa da cin tara, ba su da ikon ƙara ko taku ɗaya na fili. Ita kuma Gwagwarwa, wadda ta fi ɗaukar talakawa, ko irin awon da aka yi wa Sabon Gari ba ta samu yadda ya kamata ba. Ana iya cewa nan ne aka fara ganin salon zaman da daga baya ya mamaye gefen Kano gaba ɗaya.

Ba za a yi adalci ba idan ba a ambaci abin da En'e ta yi a cikin Birni ba, musamman zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953). Baitulmalin En'en Kano ya fi na kowace masarauta a Arewa ƙarfi, kuma da kuɗinsa aka gina Asibitin Birni a ƙarshen shekarun 1920, aka jawo ruwan famfo daga kogin Challawa tare da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, aka fasa ganuwa aka buɗe sababbin ƙofofi domin mota, irin su Sabuwar Ƙofa. Babban Masallacin Juma'a na yanzu ma a wannan zamani aka sake gina shi, aka buɗe a 1951. Waɗannan ayyuka ne na ƙwarai. Amma kowane ɓangare na garin da nasa mai tsarawa, babu wanda ke duban Kano a matsayin abu ɗaya. Ko da aka mayar da Sabon Gari hannun En'e a 1940, katangar da ke zukata ta riga ta ginu. A rikicin watan Mayu 1953, wanda siyasar neman 'yancin kai ta haddasa, a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka fi gwabzawa, wato daidai kan layin da aka ja shekara arba'in kafin nan. Garin da ya san yadda ake sauke Balarabe da Banufe da Bayarabe a tsakiyarsa, an koya masa ajiye baƙo a bayan gari.

3.3 Tsarin Shekara Ashirin

A 1946 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar tsara birane da karkara, wadda aka kwaikwayo daga dokar Ingila ta 1932. Dokar ta ba da damar a ayyana wani yanki a matsayin yankin tsari, a kafa masa hukuma. Kano ba ta ci moriyar wannan sosai ba sai bayan samun 'yancin kai, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar Tsara Kano da Kewaye a 1962. Hukumar ta ɗauko wani masanin tsara birane mai suna B. A. W. Trevallion, shi da abokan aikinsa suka shirya tsarin raya Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka buga a 1966. Muhimmancin wannan aiki shi ne a karo na farko an ɗora Birni da Waje da Bariki a kan taswira ɗaya, an ware inda za a yi gidaje da inda masana'antu za su zauna da inda manyan hanyoyi za su bi.

Sai dai tun kafin tawadar rahoton ta bushe al'amura suka juya. A shekarar da aka buga shi aka yi juyin mulki sau biyu, aka yi kashe-kashen da suka sa 'yan ƙabilar Ibo suka bar Sabon Gari, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. A watan Mayu 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, garin da aka yi wa tsari a matsayin hedikwatar lardi ya wayi gari babban birnin jiha, yana bukatar sakatariya da gidajen ma'aikata da duk abin da gwamnati ke tafiya da shi. Gwamna Audu Bako (1967-1975) ya yi aiki tuƙuru ta wannan fuska. A zamaninsa aka gina sakatariyar da yanzu ke ɗauke da sunansa da Gidan Zu da madatsar ruwa ta Tiga, kuma a shekarun 1970 ne masana'antu suka bazu daga Bompai zuwa Sharaɗa da Challawa, aka gina rukunin gidaje irin na Kundila. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya shigo, farin 1972 zuwa 1974 kuma ya koro mutanen karkara, har da na Jamhuriyar Nijar, suka kwararo Kano neman abinci. Babu mai tsarin da zai iya hango waɗannan abubuwa a 1963.

Ita kuma hukumar sai sauya suna take ta yi. An sake mata fasali a 1969, aka sake a 1976 ta zama Hukumar Raya Birane ta jiha, daga baya ta koma KASEPPA, daga nan kuma KNUPDA. Alƙaluman ƙidaya sun isa su nuna irin nauyin da aka ɗora mata. A ƙidayar 1963 mutanen Kano ba su cika 300,000 ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, suna da mutum wajen miliyan 2.8. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, wannan ƙari na mutum miliyan biyu da rabi, a filin wa suka zauna, kuma wa ya auna musu?

3.4 Awon Igiya

Amsar wannan tambaya tana cikin kalmomi biyu da kowane Bakano ya sani, wato awon igiya. Domin a fahimci yadda abin ya samo asali sai an koma ga dokoki biyu. Na farko, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya rage wa sarakuna da hakimai ikon da suke da shi. Na biyu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a cikin birni, shi ke da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a. Dokar ta kuma hana mutum riƙe fiye da rabin hekta na filin da ba a gina ba a cikin birni. Manufar da aka bayyana mai kyau ce, wato a hana 'yan kaɗan tara filaye, a sauƙaƙa wa gwamnati samun wurin yin aiki.

Amma akwai wani sashe na dokar da ya zama tushen matsala. Idan gwamnati ta karɓi gona, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan gonar ce, wato amfanin gona da itatuwa da gini, ban da ita ƙasar kanta. Sai mai karatu ya sa kansa a matsayin manomin da ke gefen gari, wanda ya gaji gonar nan kaka da kakanni, ya kuma ji ƙishin-ƙishin cewa safiyo na tafe. Idan ya jira, za a ƙirga masa mangwaro da ɗorawa a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, ya zuba ido a raba gonarsa ga mutanen da bai taɓa gani ba. Idan ya yi sauri ya kira dillali, za a ɗauko igiya a yanka gonar gunduwa-gunduwa, a sayar, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a matsayin shaida, kowa ya sami rabonsa. Ba sai an tambayi wanda zai zaɓa ba.

Ta ɓangaren mai saye ma lissafin ɗaya ne. Fulotin gwamnati sai an cika fom, an bi ofis-ofis, an jira shekaru, kuma sanannen abu ne cewa manyan ma'aikata da masu uwa a gindin murhu su suka fi samu, da yawansu kuma ba don su gina suke nema ba, don su sayar ne. Bayan haka ga ƙa'idar gini: sai an kawo zane, an biya kuɗin amincewa, an yi gini irin wanda hukuma ta yarda da shi. Ɗan ƙaramin ɗan kasuwa ko direba ko malamin firamare ba ya iya wannan. Filin awon igiya kuwa yau ka biya gobe ka kafa harsashi, ka yi ɗaki ɗaya ka tare, saura a hankali. Da wannan hanya unguwanni irin su Kurna da Bachirawa da Rimin Kebe da Ɗorayi da Sheka da Gaida suka cika suka batse.

Illar abin ita ce mai gona da dillali ba su da dalilin barin fili kyauta. Kowane taku kuɗi ne. Saboda haka hanyar da za a bari ba ta wuce wadda mutum biyu za su gifta juna ba, ba a ware wurin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, ba a kuma tambayi inda ruwa ya saba bi ba. Sai unguwa ta cika sannan a gane motar kashe gobara ba ta iya shiga, mai naƙuda sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi, makara ma wani lungun sai an karkata ta. Idan gwamnati ta zo daga baya za ta ja titi ko ta gina lambatu, dole ta rushe gidaje ta biya diyya mai yawan da ya ninka abin da za ta kashe da tun farko ta riga kowa zuwa ta kafa turakun hanya. Mai wannan nazari yana ganin kuskure ne a ɗora wa mazauna waɗannan unguwanni laifi, kamar yadda ake yawan yi a bakin jami'ai. Awon igiya ne ya ba yawancin mutanen Kano wurin kwana a lokacin da tsarin hukuma ya ishi 'yan ƙalilan kawai. Gazawar hukuma ita ce ta nace sai dai a yi cikakken tsari irin na Bariki, wanda ba ta da kuɗin yi wa kowa, maimakon ta yi ɗan abin da take iyawa, wato ta fitar da hanyoyi da magudanan ruwa da filayen jama'a, ta bar wa masu gona sauran su sayar.

Sakaci da ƙa'idar gini ya taɓa jawo abin da ya fi ambaliya muni. Muhammadu Marwa Maitatsine ya daɗe yana faɗaɗa zamansa a unguwar 'Yan Awaki, yana cin filayen maƙwabta da hanyar jama'a, ba wanda ya tanka. Sai a watan Nuwamba 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta aika masa takardar ya rushe gine-ginen cikin mako biyu. A watan Disamba rikici ya ɓarke, kuma kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙiyasta mutum 4,177 ne suka mutu. Ba ana cewa rashin tsara gari ne ya haifar da aƙidar mutumin ba, amma shi ya ba ta wurin da ta yi sheƙa.

A cikin Birni kuwa, filayen noman nan da Clapperton ya gani tuni gidaje suka cinye su. Da fili ya ƙare sai aka juya kan kududdufai, ana cike su da shara ana gini a kai, ba tare da an yi wa ruwan wata hanya ba. Ganuwa ma ba ta tsira ba, duk da cewa tun 1959 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa, a 2007 kuma ta shiga jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Wasu sun ɗebi ƙasarta sun yi gini, wasu sun gina a kanta, wasu wuraren kuma da takardar hukuma aka yi hakan.

3.5 Gadoji da Rusau

Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta maye gurbin ta 1946, ta raba aikin tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, amma ba ta sauya tsarin diyya da samun fili ba, don haka igiya ta ci gaba da aikinta. Daga 2011 hankalin gwamnatocin Kano ya fi karkata ga manyan ayyukan da ido ke gani. A zangon Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011-2015) aka gina gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, aka fara rufe Jakara domin a shimfiɗa titi a kanta, aka kuma gina sababbin rukunonin gidaje uku, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Waɗannan rukunoni an tsara su da kyau, da tituna da magudanan ruwa tun kafin kowa ya tare, sai dai kuɗin gidajen ya fi ƙarfin mai sayen filin awon igiya, kuma da yawansu sun daɗe babu kowa a ciki. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje (2015-2023) ta ci gaba da gadojin sama da na ƙasa, irin na Dangi da na Hotoro. Gadoji sun rage cunkoso a mahaɗar manyan tituna, wannan ba a musu, amma ba su shiga lungun Kurna ba.

A wannan zamani ne kuma ƙorafi ya yi yawa cewa ana yanka filayen jama'a ana gina kantuna, a jikin makarantu da masallatai da maƙabartu da bakin ganuwa. Da damina ta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai ɗimbin yawa, 'yan kasuwa da dama suka danganta abin da gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa da layukan kasuwar. Batun ya shiga yaƙin neman zaɓen 2023. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf a ranar 29 ga Mayu 2023, katafila ta fita. An rushe gine-gine a Filin Sukuwa da harabar tsohon otal ɗin Daula da kantunan da ke Filin Idi, har da shatale-talen da ke kusa da Gidan Gwamnati. Sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Jami'an tsohuwar gwamnati suka ce an bi doka, wasu ayyukan ma haɗin gwiwa ne da 'yan kasuwa.

Ba hurumin wannan nazari ba ne ya raba gardamar 'yan siyasa. Abin da ya shafe shi shi ne waɗanda aka rushe wa kantuna a wannan karo ba mutanen awon igiya ba ne. Da yawansu suna riƙe da takardun da ofisoshin gwamnatin jiha suka ba su, da hatimi da sa hannu, wato sun bi hanyar nan da aka shekara ana cewa talaka ya ƙi bi. 'Yan kasuwar Filin Idi sun kai ƙara, a watan Satumba 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30. A watan Disamba na wannan shekara ɓangarorin biyu suka sasanta a kan naira biliyan 3, waɗanda daga baitulmalin jiha aka amince za a fitar da su.